Ƙwadagon yini: in kasuwa ta juya, kan wa asara take faɗawa?

A wannan mako filinmu zai yi magana kan wani mutum da kowa ya sani, ko da yake sunansa ba ya cikin rajistar kowace ma'aikata. Shi ne ɗan dakon da ke sauke buhunan shinkafa a ƙofar shagon Alhaji a babbar kasuwar Maraɗi. Shi ne leburan da ke zaune da cebur tun da asuba a bakin kasuwar Katako ta Yamai, yana jiran mai gini ya zo ya kira shi. Shi ne ɗan ga-ruwa, da ɗan kabu-kabu, da ɗan baremar da ke cirar albasa a Galmi, da yarinyar da ke wanke-wanke a gidan ma'aikaci. Ayyukansu iri-iri ne, amma abu guda ya haɗa su: yarjejeniyarsu ta baka ce, kuma da faɗuwar rana take ƙarewa. Gobe kuwa sai yadda Allah ya yi.

Maganar da muke son mu kafa ita ce: a ƙasashe masu tasowa, duk lokacin da tattalin arziki ya girgiza, asara takan gangaro daga sama, gwamnati ta miƙa wa kamfani, kamfani ya miƙa wa ɗan kwangila, ɗan kwangila ya miƙa wa na ƙasa da shi, har ta tsaya kan wanda ba shi da wanda zai miƙa wa. Wannan mutum shi ne ɗan ƙwadagon yini. Kuma in muka bi sawun abin da kyau, za mu tarar cutar da ake yi masa tana zagayowa ta sami ɗan kasuwa a shagonsa, ta sami ma'aikaci a ƙarshen wata.

Mu fara da sanin yawan mutanen da ake magana a kansu. A shekara ta 2018, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, ta bayyana cewa mutum miliyar 2, fiye da kashi 61 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abincinsu ne a ayyukan da ba su da takarda, ba su da kariyar doka. A nahiyar Afirka adadin ya kai kusan kashi 86 cikin 100. Ke nan mai albashin wata, mai takardar ɗaukar aiki da jiran fansho, shi ne baƙo a cikinmu. Ɗan ƙwadago shi ne ɗan gari. Tun farkon shekarun 1970 masana suka fara lura da haka. Wani Baturen Ingila mai suna Keith Hart, wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Ankara, inda Hausawan zango suke da yawa, ya ga mutanen da lissafin gwamnatin Gana ke kira marasa aiki suna fita tun da safe, suna dawowa da abin cefane. Shi ya fara ba wannan fanni suna, OIT kuma ta ɗauki sunan a rahotonta kan ƙasar Kenya a 1972. A lokacin an zaci abin na ɗan lokaci ne, da zarar masana'antu sun yawaita zai gushe. Shekaru fiye da 50 ke nan, bai gushe ba.

Ruwa ba ya tsami banza. In muka ɗauki ƙasarmu Nijar misali, za mu ga dalilai huɗu, waɗanda kuma ake samu a yawancin ƙasashe irin tamu.

Na farko, yawan masu neman aiki. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyon 17 da ƴan kai a Nijar, da ƙaruwar kashi 3,9 cikin 100 a kowace shekara. Yau mun haura miliyon 25, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara dubun dubatan samari da ƴan mata ke isa munzalin aiki. Bankin Duniya ya yi ƙiyasi a 2025 cewa cikin shekaru 10 matasa miliyar 1,2 za su kai shekarun aiki a ƙasashe masu tasowa, alhali guraben aikin da ake sa ran samu ba su wuce miliyon 420 ba. Inda mutum goma ke jiran buhu guda, mai buhu ke yanka lada.

Na biyu, damina. Noman yawancin mutanenmu na wata uku zuwa huɗu ne. Sauran watannin shekara, in ba mai garka ba, hannu a sake yake. Daga nan ci-rani ya samo asali: mutanen Adar su nufi Abijan, na Damagaram da Maraɗi su gangara Kano da Legas, wasu su haura Libiya da Aljeriya. Ɗan ci-rani ba ya neman aikin shekara, don ya san da faɗuwar ruwan farko zai koma gona. Shi ma mai ɗaukarsa ya san haka, ya kuma san yadda zai ci moriyar abin.

Na uku, muna sayar da arzikinmu ɗanye. Uraniyom, da zinariya, da ɗanyen mai, da albasa, da wake, da dabbobi a tsaye: duk suna fita kafin a yi musu aikin da ke ɗaukar mutane shekara cur. Fatar akuyar Maraɗi da duniya ta san darajarta, a wata ƙasa ake mayar da ita takalmi da jaka, a can ne kuma albashin yake zama. Dattawa suna tune da zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA ke saye, ana kuma matsar mai a Maraɗi. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa bayansa, suka kashe wannan kasuwa, ba a kuma sami abin da ya maye gurbinta wajen ɗaukar ma'aikata ba.

Na huɗu, bashi da sharuɗɗansa. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya bushe, gwamnati ta nufi FMI da Bankin Duniya. Sharuɗɗan da aka gindaya mata su ne waɗanda aka gindaya wa ƙasashe da dama na Afirka da Latin Amurka: a rage ɗaukar ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati ko a rufe su, a rage kashe kuɗi. Bankin BDRN ya durƙushe. Ɗalibin da a da yake fitowa daga jami'a ya tarar da kujera tana jiransa, ya koma jiran tsammani. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka yi ta bin bashin albashi ba. Duk wanda aka sallama a wannan zamani, ko aka ƙi ɗauka, ina ya nufa? Ya kafa tebur, ko ya sayi babur, ko ya shiga dillanci.

To, yanzu mu duba yadda asara ke gangarowa. A watan Janairu na 1994, a birnin Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Babban ɗan kasuwa ya ƙara farashi a ranar. Ma'aikacin gwamnati yana da ƙungiyar ƙwadago, ya yi yajin aiki, an zauna da shi kan teburi, ko da abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ɗan dako fa? Wa ya kira shi taro? Ladan buhu ya tsaya inda yake, tiyar hatsi da sabulu suka wuce shi.

Haka abin ya maimaitu sau da yawa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Alhazan da ke da kaya a sito sun yi asara, gaskiya ne, amma suna da jari, suna da gidaje da garke da za su jingina da su. Masu lodi da sauke a Maraɗi, da Ƙwanni, da Ɗan Isa, da Magarya, su kam ranar da mota ta daina zuwa, ranar tukunya ta sauka daga murhu. A ƙarshen watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, sai sana'ar ƴan ruwa-ruwa, wadda ta ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa a kudancin ƙasar nan, ta shiga wani hali cikin ƴan kwanaki. Bayan wata biyu takunkumin CEDEAO ya biyo baya, daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, da katse wutar lantarki da ke zuwa daga Najeriya. Mai walda, da tela, da mai niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, kowannensu yana da yara biyu ko uku da yake sallama da yamma. In babu wuta babu aiki, in babu aiki babu sallama.

Kada a ce wannan halin ƙananan masu sana'a ne kawai. A ranar 31 ga Maris na 2021 kamfanin COMINAK, wanda ke haƙar uraniyom a Akokan kusa da Arlit tun 1978, ya dakatar da aiki. Kimanin ma'aikata 600 ne na kamfanin kansa, wasu kimanin 700 kuma suna aiki ta hannun ƴan kwangila. Rami guda suka shiga, ƙura guda suka shaƙa, amma ranar sallama abin da ya kai hannun kashi na biyu bai kama ƙafar na kashin farko ba, sun kuma daɗe suna kokawa. Wannan dabara ta ɗaukar mutane ta hannun wani, manyan kamfanoni na amfani da ita ko'ina a duniya. A Bangaladash, ranar 24 ga Afrilu na 2013, benen Rana Plaza ya rufta kan masu ɗinkin tufafin da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka, mutum fiye da 1.100 suka rasu. Da yawa daga cikin masu kantunan sun fara da cewa su ba su ne suka ɗauki mutanen aiki ba.

Ita kanta gwamnati, wadda ta rubuta dokar aiki, ba ta tsira daga wannan hali ba. Daga ƙarshen shekarun 1990, don a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan, aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, daga baya aka kira su ƴan kwantaragi, har suka zo suka fi malaman dindindin yawa a makarantun faramare. Haka Senegal da Mali da wasu maƙwabta suka yi. Yara sun shiga lakwal da yawa, wannan ba a musu. Amma malamin da ke karɓar ɗan abin da bai kai na takwaransa ba, wani lokaci a makare, ga shi a ƙauyen da ba nasa ba, da wace zuciya zai tsaya gaban allo? Shekarun da aka yi ana yajin aiki a makarantu, yaran talakawa ne suka biya kuɗinsu.

Wani lokaci kuma da rai ake biya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar neman abin kai wa baka. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ba wanda ya tilasta musu shiga ramin da bulala. Rashin abin yi ne ya tura su. Kuma magabata su tuna cewa wutar da ta ci mulkin Ben Ali a Tunisiya, daga amalanken wani mai sayar da kayan marmari ta tashi, Muhammad Bu'azizi, wanda jami'an gari suka ƙwace wa kaya a Sidi Buzid ranar 17 ga Disamba na 2010.

Mai karatu zai iya cewa: to, mun ji, abin tausayi ne, amma ni ina ruwana? Alhaji, ruwanka yana ciki. Wanda ba shi da tabbacin ladan gobe ba ya sayen buhu, sai awo. Ba ya sayen turmin atamfa, sai gwanjo. Ba ya gina ɗaki balle ya sayi kwano da siminti. Kasuwar da masu sayenta hannu baka hannu ƙwarya suke, ba ta girma, sai dai ƴan kasuwa su yi ta ƙwace wa juna ciniki guda. Sa'an nan yaron shagon da ya san za a iya korarsa gobe ba tare da ko dala ba, ba ya koyon aikin da zuciya ɗaya, ba ya kuma tsare amana yadda ake so. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa a tsarin ubangida da bara na asali, yaron da ya yi shekaru yana hidima akan yi masa aure, a ba shi jari, a sallame shi ya zama mutum. Yau da yawa sun riƙe hidimar sun yar da sallamar.

Kai ma malam ma'aikaci, ruwanka yana ciki. Albashinka daga lanho da kuɗin duwan yake fitowa. Harajin da Nijar ke tarawa ya daɗe yana yawo wajen kashi 10 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, alhali mizanin da UEMOA ta ajiye kashi 20 ne. Dalili guda shi ne yawancin aiki da ciniki ba sa cikin kowane kundi, sai nauyin ya koma kan ƴan kaɗan da aka sani: mai albashi da ake yanke wa tun kafin kuɗin ya kai hannunsa, da ɗan kasuwar da ya yi rajista. Asusun fansho ma haka yake: masu zubi kaɗan, masu jira da yawa. Kuma kowa ya san albashi guda bakuna nawa yake ciyarwa. Ƙanen da ba shi da aiki, da ɗan'uwan da ya faɗo daga kan gini ba mai biya masa magani, a ƙofar gidanka suke sauka. Inshorar da ƙasa ba ta yi musu ba, kai ne kake yinta daga aljihunka.

A nan wajibi ne mu yi adalci. Dokar aiki ta 25 ga Satumba na 2012 tana nan, asusun CNSS yana nan, mafi ƙarancin albashi da ke sefa 30.047 tun 2012 an ɗaga shi zuwa sefa 42.000 daga Janairu na 2024. Amma mai shagon da ribarsa ta wata ba ta wuce jika 60 ba, in aka ce lalle sai ya cika dukan sharuɗɗan da aka rubuta don manyan kamfanoni, yaron zai kora ya kira ɗansa. Ɗan ƙwadagon da kansa zai ce maka da babu gara ba daɗi. Haka kuma korar ƴan tebur da rushe rumfuna don a ƙawata gari, kamar yadda hukumomin birane da dama na Afirka suka sha yi, bai taɓa samar wa ko mutum guda aiki ba. OIT ma ta gane haka: shawararta mai lamba 204 ta shekara ta 2015 ta nemi a jawo waɗannan mutane cikin doka sannu a hankali, ba tare da an kashe musu hanyar abinci ba.

Saboda haka ga abin da muke gani mai yiwuwa ne. Da farko, gwamnati ta fara da gidanta: duk wanda ya shekara da shekaru yana aikin da ba ya ƙarewa, a aji ko a asibiti, a buɗe masa hanya bayyananniya ta zama ma'aikaci, a kuma biya shi kan lokaci. Duk kamfanin da aka ba kwangilar hanya, ko gini, ko haƙar ma'adinai, a ɗora masa alhakin leburorin ƴan kwangilarsa, musamman in an yi hatsari. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Na biyu, a yi wa ƙananan masu sana'a ƙofa daidai tsawonsu: rajista guda, kuɗi kaɗan da aka sani, zubi na mako ko na wata wanda za a iya biya ta wayar hannu, kuma mai biya ya ga amfanin abin ranar da ya kwanta ciwo. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, Ruwanda ta shigar da manoma da masu ƙananan sana'o'i cikin asusun lafiya na gama kai. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba a yi musu gardamar iya zubi. Abin da suke nema shi ne su amince da mai riƙon kuɗin.

Na uku, a ba rani aiki. Indiya ta kafa doka a 2005 wadda ta ba kowane gida na karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara da ladan da hukuma ta yanka, Habasha ma ta fara wani shiri makamancinsa a wannan shekarar. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage: aikin Keita da aka fara a 1984 ya farfaɗo da faƙo da tuddai a Adar, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsun, NIGETIP ta shimfiɗa tituna da magudanai da hannun matasa a shekarun 1990. Abin da ya rage shi ne irin wannan aiki ya zama na kowace shekara, da kuɗinsa cikin kasafin ƙasa, kada ya mutu ranar da mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa. Inda akwai aikin hukuma mai lada sananne, mai gona da mai gini ma dole su gyara nasu ladan.

Na huɗu, su ma ƴan ƙwadago su haɗa kai, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A garin Ahmadabad na Indiya, wata mata mai suna Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a 1972 ta mata masu talla da dako da ɗinki. Ta girma har ta kafa bankinta, membobinta suka haura miliyon. A tashoshinmu da kasuwanninmu akwai sarakunan sana'a tun kaka da kakanni. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda yawancin membobinsu masu albashi ne, ya kamata su tuna da wanda ke share musu zauren taro.

Na ƙarshe kuma ya rage ga mu da ke karanta wannan shafi. Alhaji, takarda guda mai ɗauke da sunan yaronka, da ladansa, da ranar biya, ba za ta karya maka jari ba. Malam ma'aikaci, mai gadinka da mai aikin gidanka suna da ranar hutu? In sun yi ciwo, wa ke sayen magani? Wanda ke zuwa taron neman ƙarin albashi da safe, bai kamata ya dawo gida da yamma ya yanke wa ƴar aiki lada don ta fasa kofi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Farashin uraniyom, da darajar naira, da ruwan sama, ba a hannunmu suke ba, za su kuma ci gaba da hawa da sauka. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu raba nauyin in sun sauka, don kada kullum ya tsaya kan wuyan wanda ya fi kowa rauni. Allah ya ba magabatanmu ikon yin adalci, ya sa albarka cikin gumin kowane mai nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.